Keken Gurgu: A Ina Kyauta Ta Ke Ƙarewa?

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Wurno da Goronyo, ko ya ratse zuwa Rabah, zai ga guragu a bakin kasuwa da tasha. Waɗansu suna jan jiki da silifa a tafin hannu, waɗansu suna bisa keke mai ƙafa uku wanda a ke murzawa da hannu. Da yawa cikinsu shan inna ce ta kama su tun suna ƙanana. A ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa ainihin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, ko da ya ke rigakafi bai ƙare ba. Amma wannan shaida ba ta miƙe ƙafar kowa ba. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu.

Saboda haka masu alheri su kan sayi kekuna su raba. Abu ne mai kyau ƙwarai. Yaron da a ke goyawa zuwa makaranta yau ya tafi da kansa; mace ta ɗauko cefanenta ba ta roƙi kowa ba. Amma 'yan'uwa, akwai tambaya da ya kamata mu yi wa kanmu: ran da muka miƙa keken, aka tafa, aka ɗauki hoto, mun gama abin da ke wuyanmu ke nan?

Bari mu duba ƙasar tukuna. A kwarin Rima akwai rairayi da rani, da taɓo a fadama da damina, ga ƙaya ko'ina. Keken asibiti mai ƙananan ƙafafu biyu a gaba, wanda aka yi domin daɓen siminti, da ya shiga rairayi sai ya kafe. Tayarsa in ta lalace ba a samun irinta a kasuwar ƙauye. Ba da jimawa ba sai a jingine shi a zaure, kaji su hau. Har wa yau, keken da bai yi daidai da jikin mai shi ba ya kan jawo gyambo a mazauni, gyambon kuwa ya kan kashe mutum. Domin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodi a 2008: keke ya dace da jikin mutum da ƙasar da ya ke zaune, ya yi ƙarƙo, a kuma iya gyara shi nan kusa.

Wani zai ce, "Ai da babu gara ba daɗi. Wanda aka ba kyauta ba ya zaɓe." Maganar tana da gaskiya a ciki, gama kuɗi kaɗan ne, mabukata kuwa da yawa. Amma mu lura da abin da ke ƙarƙashinta. Ba wanda zai ba ɗansa takalmi na ƙafa ɗaya ya ce masa ya gode. Idan mun yarda gurgu ya karɓi abin da mu ba za mu karɓa ba, mun riga mun sa shi ƙasa da mu a zuciya, ko da hannunmu yana bayarwa. Keke ƙafafun mutum ne, ba ragowar tuwo ba.

Mu tuna da labarin Mefiboshet cikin littafin Sama'ila na Biyu. Yana shekara biyar mai renonsa ta ɗauke shi tana gudu, ya faɗi ya gurgunce. Sarki Dawuda bai aika masa da sadaka daga nesa ba. Ya kira shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburinsa kullum. Gudu irin wannan ba baƙo ba ne a gabashin Sakkwato. A watan Oktoba 2021 'yan bindiga sun faɗa wa kasuwar Goronyo, mutane da yawa suka mutu. Sa'ad da gari ya watse, wa ke tunawa da wanda ba ya iya gudu? Keken da ya karye a irin wannan rana ba ƙaramar hasara ba ce.

Akwai waɗanda suka nuna mana hanya, guragu ne kuwa da kansu. A Kano, Malam Aminu Ahmed Tudun Wada da ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa suna ƙera keke mai ƙafa uku da hannunsu. A Jos, Ayuba Gufwan ya kafa wurin ƙira a 1999, aka sa masa sunan Kyakkyawar Ƙofar nan ta Ayyukan Manzanni sura 3, ana ba Musulmi da Kirista ba bambanci. Kayan keke su ke amfani da su, saboda haka mai faci na kowace kasuwa ya iya gyara. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

To, me za mu yi? Kafin mu saya, mu tambayi mai hawa, mu nemi shawarar sarkin guragu na garin. Mu gwada jikin mutum kamar yadda tela ya ke yi. Mu ware kuɗin taya da sarƙa na gaba. Kada mu nemi ladan kyautar, ko yabo, ko a bi addininmu. Maƙwabci maƙwabci ne. Mu kuma duba ƙofar majami'armu. Dokar hana wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta ce gine-ginen jama'a su zama da hanyar shigar keke. Abin kunya ne mu ba mutum keke, ya zo ya tarar da matakala uku a ƙofarmu.

Bayan shekara guda mu koma mu gaishe shi. In mun tarar keken yana tafiya, yaron yana aji, sa'an nan mu gode wa Allah. In mun tarar da shi a zaure, kada mu ce mai shi ba shi da godiya. Mu ɗauka mu kai wa mai gyara, gama kyautarmu ba ta ƙare ba tukuna.