Fiffiken da Laka ta Adana

Tambayarmu a wannan fitowa ita ce: shin abin da ido bai gani ba, kuma baki bai ba da labarinsa ba, ya ɓace ke nan?

A garin Commentry, tsakiyar ƙasar Faransa, masu haƙar gawayin ƙasa sun tono wani dutse a shekarar 1880. A jikinsa akwai zanen wani ƙwaro dangin mazari, wanda faɗin fukafukansa ya kai kusan santimita 70. A 1885 masani Charles Brongniart ya raɗa masa suna Meganeura. Masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin miliyan 300. A wancan zamani wurin tafki ne na ruwan daɗi, kewaye da fadama mai duhuwar itatuwa. Ƙwaron ya faɗa ruwa, laka mai laushi ta binne shi kafin ya ruɓe, sannan ta daskare ta zama dutse. Har jijiyoyin fiffikensa ana iya ƙirgawa. A duwatsun nan kuma an samu fukafukan dangin kyankyaso masu yawa.

Mu lura: ranar da ya faɗi babu ɗan Adam a bayan ƙasa, balle shaida. Duk da haka alamarsa ta wanzu.

To, mu fa? Mukan ce ƙaramin abu ne. Mai awo ya tauye mudu da ƴan ƙwayoyin hatsi. Manomi ya tura iyakar gona taku ɗaya cikin ta maraya, a lokacin shuka. Wani ya yi da maƙwabcinsa a majalisa bayan isha'i. Kowa ya kwanta yana zaton dare ya rufe.

Wani zai ce: ai cikin dubban ƙwarin fadamar nan ƙalilan ne dutse ya riƙe, sauran sun tafi babu alama. Gaskiya ne. Dutse yana riƙe kaɗan ya saki da yawa, kuma siffa kawai yake adanawa, bai san niyya ba. Amma littafin ayyukanmu ba ya sakin komai, kuma da niyya ake rubuta shi. In laka marar hankali ta iya wannan riƙo, ina ga ilmin Wanda Ya halicci lakar?

Albishir kuma shi ne, alherin da muka yi a ɓoye shi ma yana nan ajiye.

Saboda haka wanda ya san ya tura iyaka, ya mayar da ita kafin damina. Allah Ya sa mu dace, amin.