Wa Zai Karɓi Makulli a Hannun Baba?

A ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, tuƙi ba ƙaramar sana'a ba ce. Akwai dattawa da suka share shekaru arba'in suna jigilar shinkafa da albasa da kifi tsakanin Kaoje da Illo da Lolo, ko su bi ta Tsamiya su faɗa Segbana a Jamhuriyar Benin. Da sitiyari suka gina gida, da shi suka aurar da 'ya'ya. To, ranar da irin wannan dattijo ya fita da mota ya kasa gane hanyar gidansa, me ya wajaba a kan iyalinsa?

Abin da Bahaushe yake kira gigin tsufa ba jifa ba ne, ba kuma taɓin aljanu ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'insa mafi yawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 masu fama da shi sun kai miliyan 57, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mugun halin ciwon shi ne, hannu da ƙafa ba sa saurin manta aikin da suka saba. Baba zai tayar da mota ya sa giya ba gargada, amma auna nisan babur da ya gitta, ko yanke shawarar taka birki idan shanu suka ɓullo, wannan ya riga ya raunana. Shi kuwa bai san ya raunana ba, domin ciwon yakan ci har da sanin kai.

A nan ne haƙƙoƙi biyu suke karo. Na farko biyayya ga iyaye. An raine mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ɗan da ya koyi tuƙi a gefen ubansa, da wane baki zai ce masa ya sauka? Na biyu kuwa haƙƙin mutanen hanya: fasinja, da 'yar talla, da almajiri mai tsallaka titi. Waɗannan ba su san Baba ba shi da lafiya ba. Iyalinsa ne suka sani.

A ganina wannan sani shi ne yake yanke hukunci. Malaman fiƙihu suna da babin hajru, wato hana wanda hankalinsa ya gushe juya dukiyarsa, don kare shi. Idan an yarda a tsare masa kuɗi, ina ga rayuka? Nauyin da aka ɗauke wa mara lafiya bai ɓace ba, ya koma wuyan masu hankalin da ke kewaye da shi. Ɗan da ya yi shiru don kunya, kunyar kansa yake karewa, ba martabar ubansa ba. Balle a bakin iyaka, inda dattijo zai iya tsallakawa wata ƙasa ya tsaya gaban jandarma, ya kasa faɗin sunan garinsu.

Sai dai karɓar makulli daban, wulaƙanci daban. Wasu sukan cire batir su ce mota ta lalace. Idan ciwo ya yi nisa har bayani ba ya shiga, ba zan ga laifinsu ba. Amma muddin Baba yana fahimtar magana, ya cancanci gaskiya, kuma ya fi kyau ya ji ta daga bakin likita ko amininsa na tasha, a keɓe, ba gaban jikoki ba.

Bugu da ƙari, ba ƙarfen motar yake wa kuka ba. Yana kukan fita, da gaisuwar 'yan tasha, da a ce ana buƙatarsa. Waɗannan ana iya bar masa. A sa ɗansa ya tuƙa, shi ya zauna gidan gaba ranar kasuwa, a tambaye shi labarin hanya, a riƙa kiransa uban mota. Wanda ya karɓi makulli ya ɗauki bashin kai Baba duk inda ƙafarsa ta saba zuwa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da su lafiya.