Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sharhi Don Masu Kitso da Kwalliya a Tawa

Gora ba ya zama abin shan ruwa daga tsinkowa. Sai ya bushe, a yanke bakinsa, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa har 'ya'ya da dattin ciki su zazzago, sannan a cika shi da ruwa ya kwana, a zubar, a sake cikawa, har ɗacin ya fita. Wanda ya tashi yin wannan aiki da asubar tafiya zai kama hanya da gora a kafaɗa, amma ruwan cikinsa ba zai shawu ba. A arewacin Adar, inda matafiyi ke doguwar tafiya tsakanin rijiya da rijiya idan ya nufi Abalak ko Cintabaradan, wannan magana ta wuce wasa. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sana'ar gyaran mata a Tawa tana da nata ranakun tafiya, kuma ba su da yawa. Akwai jajiberin sallar azumi da na sallar layya. Akwai makonnin da ke gaban azumi, lokacin da kowa ke hanzarin kai amarya ɗakinta. Akwai kuma lokacin da 'yan bida ke dawowa gida, domin Adar ƙasa ce da mazanta suka daɗe da sabawa da fita nema, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Kamaru ko Najeriya, kuma kuɗin sadaki da na kayan akwati sau da yawa a aljihunsu suke shigowa. Tsakanin waɗannan ranaku kasuwa takan yi sanyi, musamman da damina, lokacin da ɗan abin da ke hannu ke tafiya ga hatsi. Makitsiya na iya wuni ba ta taɓa kai biyu ba. Kwana biyu kafin salla kuwa tabarmarta ba masaka tsinke, ana kitso da hasken fitila har tsakar dare.

Wannan cinkoso shi ke ruɗin yarinya. Ta leƙa gidan makitsiya ran jajiberi, ta ga jikkuna na shiga, ta ce ai ni ma zan iya. Ta sayi akwatin kwalliya, ta kalli bidiyo a TikTok, ta sa sanarwa a WhatsApp. Kan farko da za ta koyi aiki a kansa, kan amarya ne.

Hannu kuwa ba ya koyon kitso daga kallo. Tsaga ta miƙe tun daga goshi har ƙeya, jan gashi ya yi daidai yadda kitson zai daɗe ba tare da ƙuraje sun feso a gefen kai ba, wannan sai an yi ta yi. Kitson da aka matsa fiye da kima, idan aka yawaita shi, cinye gashin gaban goshi yake yi, wani lokaci ba ya sake tsirowa. A da, yarinya kan zauna gefen makitsiya tana tsifa, tana wanke kai, tana miƙa kibiya da man shanu, kafin a yarda ta kama kan ƙannenta, daga nan kan yaran maƙwabta, sai can a bar mata babbar mace. Yanzu akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai kuma asusun FAFPA da ke tallafa wa horon masu sana'a, kuma duk wadda ta sami dama ta shiga. Sai dai takardar shaida ba ta rage yawan kawunan da dole su ratsa hannun mutum kafin ya faɗa. Tawa ma tana da nata ƙarin wahala. Wanda ya zaga kasuwar Lahadi zai ga Ba'adara, ya ga Buzuwa, ya ga Bafulatana, gashinsu ba iri ɗaya ba, launin fatarsu ba iri ɗaya ba. Mai kwalliyar da ke da hoda kala ɗaya tak za ta fitar da amarya fuska fari fat, wuya baƙi, kowa a wurin biki ya gane aikin wace ce. Ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke narkar da kwalliya kafin a kai ga ɗaukar hoto. Sanin abin da ke jure gumi, a ranakun zaman banza ake gwada shi, a fuskar ƙanwa ko ƙawa.

Inda karin maganar ya fi ciwo shi ne wajen ƙunshi. Jan lalle ganye ne, yana son sa'o'i kafin ya kama, kuma da wuya ya cutar. Baƙin da ake yayi yanzu, mai kamawa nan da nan, galibi haɗi ne da rinin gashi mai ɗauke da sinadarin PPD. Akwai fatar da ba ta jure shi: wurin zanen ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya ɗuri ruwa, ya bar tabo mai siffar furen da aka zana. Abin kuma ba lallai ya nuna a take ba, yakan ɗauki kwana ɗaya, biyu ko fiye. Kamfanonin rinin da kansu suna rubuta a jikin kwali cewa a gwada ɗan kaɗan a fata awa 48 kafin amfani, kuma don gashi suka yi shi, ba don zane a hannu ba. To ina awa 48 ga amaryar da aka kawo da la'asar?

"Tanti, ki taimaka, gobe ne ɗaurin arme, baƙi nake so."

"Ɗiyata, kin taɓa yin shi?"

"A'a."

"To ja zan yi miki. Baƙin nan ba na sa shi ga wadda ban gwada ba."

A ganina wannan amsa ita ce ta ƙwararriya, ko da amarya ta fita tana gunaguni. Gari irin Tawa, daga Bilbis zuwa Sabon Gari kowa ya san kowa, hannu ɗaya da ya ƙone ya isa ya rufe gidan kwalliya. Haka dilka da halawa, waɗanda suka zo mana ta Sudan da Cadi: kwanaki ake ɗauka ana yi kafin fata ta yi sheƙi. Mai son sakamakon mako biyu cikin dare ɗaya ita ce ke faɗawa hannun masu man bilicin.

Kaya ma haka. Yawancin abin da ake aiki da shi daga kudu yake hawowa, ta Ƙwanni, daga kasuwannin Sakkwato da Kano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma ƙungiyar CEDEAO ba ta ɗage takunkumin da ta sa wa ƙasar ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Wadda duk aikinta ya rataya a kan na'urar busar da gashi da kayan da ake sarowa mako mako ta ji jiki a watannin nan. Wadda ta iya kitson hannu, shuku da kalaba, ga kuma ɗan tanadi a ɗaki, ba ta rasa na cefane ba.

Tanadin kuwa daga kuɗin jajiberi yake fitowa, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa. Kuɗi sun shigo a dunƙule, an yi anko, an kai gudummawar biki, dangi sun yi kitso bashi, ranar da za a sake saro kaya babu jari. Matan Nijar ba baƙin dabara ba ne a wannan fage. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, asusu ne na zubin mako da ba da rance tsakanin mata, kuma ya bazu har ƙasashe da dama. Ko adashen unguwa ya isa, muddin an tsara kwasar ta faɗo wata guda kafin salla, lokacin da kaya ba su yi tsada ba.

Amma akwai masu fakewa da karin maganar nan. Shekara ta zagayo tana cewa sai ta sami shago, sai ta sayi madubi babba da kujera mai juyawa, sai yayanta ya aiko daga Abijan. Wannan ba shiri ba ne, zama ne. Manyan makitsan garin nan da yawa a tsakar gida suka fara, da tabarma da kibiya da mashaci, kuma wasu har yau a can suke, mata na bin layi. Abin da ake tanada tun da wuri ba ya cin kuɗi sosai: hannu, tsabtar mashaci tsakanin kai da kai, cika alkawarin lokaci, riƙe sirrin da aka ji a bakin wadda ake yi wa kitso, neman izini kafin a sa hoton matar mutane a waya. Har da tambayar mace tun farko ko tana yarda da ƙarin gashi da cire gira, tunda mata da yawa na guje musu saboda hanin addini, kada a gama aiki rigima ta tashi da miji.

Ku kuma iyayen amare, rabin laifin naku ne. Ana sa ranar biki da watanni, a yi odar gado, a ɗinka anko, amma mai kitso da mai ƙunshi sai ana gobe ake aika yaro ya kira su. Ku je ku same su tun saura mako biyu, a ga gashin yarinya, a gwada lalle da hoda a fatarta, a yanke kuɗin aiki a ba da rabi.