Hukuncin Rubuta wa Mai Bin Bashi Takardar Neman Sauƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023, kaya suka yi tsada, mutane da yawa waɗanda suka karɓi kaya ko kuɗi da niyyar biya sun wayi gari ba su da halin cika alkawari. Abin baƙin ciki shi ne, maimakon mutum ya fuskanci mai binsa, sai ya riƙa sauya hanya, yana aika yara su ce ba ya nan. Wannan ba ɗabi'ar Musulmi ba ce.

Bashi ba abin wasa ba ne. Ya tabbata cewa an kawo wa Manzon Allah gawar wani mutum wanda ake bi, bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Amma kuma Shari'a ta buɗe wa matalauci ƙofa. A aya ta 280 cikin Suratul Baƙara, Allah Ya umarci mai bin bashi da ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami yalwa, kuma Ya nuna cewa yafewa ta fi alheri. Saboda haka jinkirtawa wajibi ce idan talaucin ya tabbata, yafewa kuwa sadaka ce, ba a tilasta wa kowa.

To, yaya mai bi zai san halin da kake ciki in ba ka sanar da shi ba? A nan ne amfanin takarda yake. Aya ta 282 a wannan sura, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi, kuma ta ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Idan an rubuta asalin bashi, ya dace a rubuta duk wani sauyi da ya same shi.

Sai ka fara da sallama, sa'an nan ka amsa bashin ƙarara, ka faɗi adadinsa da ranar da ka karɓa. Ka bayyana abin da ya same ka, ko gobara ce, ko jinya, ko karayar jari, ba ƙari ba ragi, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga nan ka faɗi abin da kake roƙo: ƙarin lokaci, ko biya kashi-kashi, ko a rage maka wani abu. Kada ka ɗauki alkawarin da ka san ba za ka iya cikawa ba. In an daidaita, a sa shaidu biyu, kowa ya riƙe takardarsa.

Neman ragi ba abin kunya ba ne. Ka'abu ɗan Maliku ya taɓa bin Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Manzon Allah ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi, ya yarda, sa'an nan ya umarci ɗayan da ya tashi ya biya sauran. A lura, ragi ya zo tare da biya nan take.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, wanda yake da hali amma ya rubuta takardar kukan talauci, azzalumi ne, domin hadisi ya tabbatar da cewa taurin bashin mawadaci zalunci ne. Na biyu, haramun ne mai bi ya ce zai ƙara lokaci in an ƙara masa kuɗi. Wannan ita ce ribar jahiliyya.

Kai kuma da takarda ta zo hannunka, ka tuna an yi wa mai sassauta wa matalauci albishir da inuwar Allah ranar Alƙiyama. Masu fitar da zakka su ma su tuna cewa aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka.

Allah Ya biya mana basussukanmu, Ya sa mu cika da imani, amin.