Ku Daina Kashe wa Excel Lissafi

Wata mummunar ɗabi'a ta shiga ofisoshi, masu yinta kuwa gani suke dabara ce. Fayil ɗin Excel ya yi nauyi, kowace lamba aka shigar sai kwamfuta ta tsaya cak, sai akawu ya shiga Formulas, ya taɓa Calculation Options, ya mayar da shi Manual. Nan take fayil ya saki. To malam, ba gyara ka yi ba. Hana fomuloli aiki ka yi: ka sauya farashi a sama, jimillar da ke ƙasa tana nan yadda take tun jiya, kuma ba za ta yi ja ko ta yi ƙara ba. Kalmar Calculate ce za ta fito, 'yar mitsitsiya, a can ƙasan allo inda ba mai dubawa.

Da a kanka abin zai tsaya, da da sauƙi. Amma Excel yana ɗaukar tsarin lissafinsa ne daga fayil ɗin da aka fara buɗewa, duk wanda aka buɗe bayansa sai ya bi sahu. Ka tura wa ma'aji fayil ɗinka, ya fara buɗe shi da safe, sannan ya buɗe na albashi, ya adana. Shi ke nan, na albashi ma ya kamu, kamar yaro mai ƙyanda ya shiga aji. Wasu ma har cire alamar da ke sa a sake lissafi kafin adanawa suke yi, wai tana ɓata lokaci. Irin wannan fayil yakan isa teburin shugaba da tsofaffin lambobi, a sa masa hannu.

Nauyin yana da dalili, shi ya kamata a nema. OFFSET, INDIRECT, TODAY, NOW da RAND ba sa hutawa. Duk lokacin da Excel ya yi lissafi sai sun sake nasu, tare da duk fomular da ta dogara da su. Zuba INDIRECT a gurbi dubu goma ka ga ikon Allah. Ga kuma mai ba SUMPRODUCT ginshiƙi sukutum, alhali tun Excel 2007 ginshiƙi ɗaya layi 1,048,576 ne, bayanansa kuwa ba su wuce layi dubu biyu ba. A taƙaita iyakar, a raba doguwar fomula gida-gida, nauyin zai ragu.

Wanda ya zama dole ya zauna a Manual, ya san makullansa. F9 na lissafa abin da ya sauya a duk fayilolin da ke buɗe, Shift da F9 shafin da kake kai kaɗai. Ctrl, Alt da F9 na tilasta wa kowace fomula, in ka ƙara Shift a kansu sai Excel ya sake gina jerin wace fomula ke jiran wace. In duk ka danna jimilla ba ta motsa ba, duba ko lambobin a matsayin rubutu suka shigo, don SUM tsallake su yake yi bai ce uffan ba.

Mafi muni shi ne wanda fomula ta ƙi ba shi abin da yake so, sai ya goge ta ya rubuta lambar da hannu. Wannan gurbin ya mutu, F9 dubu ba za ta tashe shi ba. Kada a ce sai ƙananan ofisoshi: binciken da bankin JPMorgan ya yi kan asarar sama da dala biliyan 6 da ya tafka a 2012 ya gano cewa ma'aunin haɗarinsa jerin fayilolin Excel ne da ake cikawa da hannu, a kwafo nan a manna can.

Haka mai kunna Iterative Calculation don ya rufe bakin gargaɗin fomular da ke komawa kanta. Excel zai zagaya har sau 100 ya miƙo maka lamba, ko daidai ko ba daidai ba. In ba da gangan ka gina zagayen ba, kashe shi, ka shiga Error Checking ka nemo gurbin da ya jawo shi.