Kaya Naka, Makulli a Hannun Mai Sayarwa

Duk wanda ya biya kuɗi ya ɗauki kaya a kasuwa ya san ciniki ya faɗa. In ka sayi keke, ka ga dama ka canja sirdi, ka ga dama ka sake fenti, mai shago ba zai biyo ka gida da sammaci ba. Amma na'urar wasan gem ta zo da sabon salon ciniki: ƙarfe da roba naka ne, manhajar da ke motsa su kuwa aro aka ba ka.

Masu PlayStation 3 sun gani da idonsu. Da Sony ta fito da na'urar a 2006, tana ɗauke da wata dama mai suna OtherOS, wadda ke ba mutum halin ɗora mata manhajar Linux ya mai da ita kwamfuta. Har rundunar sojan saman Amurka ta harhaɗa guda 1,760 ta yi ƙatuwar kwamfuta da su. A Afrilun 2010 sai saƙon sabuntawa mai lamba 3.21 ya bayyana a fuskar talabijin. Zaɓi biyu ne kacal. Ka danna alamar amincewa, Linux ta tafi ba dawowa. Ka ƙi, a rufe maka hanyar wasa ta intanet, sababbin wasanni kuma su ƙi tashi. Mutum yana zaune a ɗakinsa aka miƙo hannu daga nesa aka zare abin da ya riga ya biya.

A Janairun 2011 wani matashi Ba'amurke, George Hotz, ya fitar da lambobin sirrin da ke buɗe na'urar. Cikin 'yan kwanaki Sony ta maka shi a kotu, ta dogara da dokar DMCA ta 1998, wadda ta hana karya makullin manhaja. Kafin ƙarshen Afrilu an yi sulhu, ya ɗauki alkawarin ba zai sake ba. Su kuwa masu sayen da suka kai ƙarar Sony kan cire OtherOS, sai a 2016 aka fara tsayar da maganar diyyarsu, 'yan daloli kan kowane mutum.

Tsakani da Allah, tsoron kamfanonin yana da tushe. Wasa ɗaya kan ci shekaru da gumin ɗaruruwan ma'aikata, wanda ya kwafe shi kyauta ya ci haƙƙinsu. Gary Bowser, da ya riƙa tallata kayan karya makullin na'urorin Nintendo don satar wasanni, an yanke masa hukuncin ɗaurin wata 40 a 2022. Sai dai buɗe makulli daban, sata daban. Akwai mai son gyara na'urarsa, akwai mai koyon rubuta manhaja, akwai mai son ceto tsohon wasan da kamfani ya yi watsi da shi. Dokokin ma ba su tsaya wuri ɗaya ba: Amurka ta halasta buɗe wayar salula a 2010, ta ƙi yin haka ga na'urar gem a 2012, alhali babbar kotun Ostareliya ta wanke wani mai sanya wa PlayStation ƙaramin guntun buɗewa tun a 2005.

Abin lura shi ne, kayan aro ba ya rufe katara. Ɓarawo a hukunta shi kan satarsa, amma wanda ya biya kuɗinsa a sakar masa mara ya yi yadda ya so da kayansa. Kai kuma mai saye, kafin ka danna amincewa, tsaya ka karanta, ka san abin da ka mallaka da abin da aka ara maka.