Daren Gishiri: Me Ke Sa Mutum Ya Gaskata?

A ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Kafin mako 3 su cika, da asubahin 8 ga Agusta, wayoyi suka yi ta ƙara a ko'ina cikin ƙasar nan da saƙo guda: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Masu ilimi da marasa ilimi suka bi. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu da dama kuma aka kwantar da su asibiti, domin gishiri mai yawa guba ne ga mai hawan jini.

A ɗauki misalin wata uwa a Yelwa ta Jalingo, wadda ƙanwarta ta tashe ta da waya tsakar dare. Ba hujjar likita ta auna ba. Muryar 'yar'uwarta ta auna, ta same ta da nauyi. Ga tsoro, ga duhu, ga yara suna barci, gishiri kuma yana nan a madafa. Wa zai zarge ta? Yawancin abin da ɗan adam ya riƙe da ƙarfi, daga bakin wanda yake ƙauna ya karɓe shi, ba daga bincike ba.

Abin dubawa shi ne bayan gari ya waye. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ƙaryata maganar. Amma wanda ya riga ya tashi iyalinsa ya shayar da su, da wuya ya karɓi wannan, gama karɓarsa daidai yake da cewa ya jefa 'ya'yansa cikin hatsari. Sai ya nemi mafaka: ai ga shi, babu wanda ya kamu a gidansa. Gaskiya ne. Maƙwabcinsa da bai taɓa gishirin ba, shi ma bai kamu ba, domin cutar ba ta iso Taraba ba sam. Shaidar da za ta tsaya ko maganin na gaskiya ne ko na ƙarya, ba ta tabbatar da kome.

Littafin Ayyukan Manzanni, sura 17, ya yabi mutanen Biriya domin sun bincika abin da Bulus ya faɗa musu, ko da yake manzo ne. Bincikensu bai zama raini gare shi ba.

Abin da ya tsai da Ebola kuwa shi ne keɓe majiyyata da bin sawun waɗanda suka taɓa su. Dokta Stella Adadevoh, wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti, ta rasa ranta a kan haka. A ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar.